Ɗana ya musanya tsohon babur ɗina ban sani ba

Assalamu alaikum, Hajiya Kulu mai filin shawarwari.

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina a rai ya yi yawa, kuma babu wanda zan faɗa wa a garinmu bai yi mini dariya ba. Ko maiɗakina Jummai, da na fara yi mata maganar, cewa ta yi in ji tsoron Allah, uba nawa ne ɗansa ya sayo masa sabon babur a wannan zamanin? Ni ban ce ba a yi mini alheri ba. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ke ma ki yanke mini hukunci.

Ni mutumin Tsafe ne, na haura shekara sittin. Sana'ata sayar da maganin dabbobi, kuma ina yi wa shanu da awaki allura. Ina da ɗan shago a bakin titi, amma yawancin cinikina a ƙauyuka yake da rugagen Fulani da ke bayan Kucheri, wani lokacin har ɓangaren Wanke da Bungudu in an kira ni. Duk wannan yawon a kan babur ɗaya na yi shi, wanda na saya tun babban ɗana Anas yana firamare. Ja ne da, amma rana ta cinye fentin har ya koma kalar ƙasa. Kujerarsa da roba na ɗaure ta. Kariyar ɗora kaya ta baya wani maƙeri ne ya ƙera mini ita daidai da akwatin magunguna. Salansarsa ta huje tun tuni, shi ya sa yake wata irin ƙara kamar tsoho mai tari, har yaran unguwa suka sa masa suna Mai Tari. A kansa na kai Jummai asibiti ranar haihuwar autarmu. A kansa shi Anas ɗin ya koyi tuƙi, ya faɗa da shi cikin kwata, ban ko ɗaga masa murya ba.

Hajiya, kin san halin da ƙauyukanmu suke ciki tun da masifar 'yan bindiga ta shigo. Ƙarar babur ta zama abin tsoro. Da an jiyo ta daga nesa, mata sai su kwashi yara su yi cikin gona. Amma ƙarar nawa kowa ya san ta. Tun ban ƙaraso ba za ki ga an fito da tabarma an ajiye mini ruwa, an kamo dabbar da ba ta da lafiya. Kuma ko ɓarawo ya ga Mai Tari ba zai yi sha'awarsa ba. Ni na san wannan, shi ya sa nake riƙe da shi, ba don rowa ko rashin son sabon abu ba.

Ba zan ɓoye miki ba, bara da kaka ya mutu mini a hanya gab da magariba, na turo shi da ƙafa har gari. Labari ya kai wa Anas a Gusau, inda yake sayar da wayoyi a kasuwa. Ya zo ya ce lallai sai an canja babur. Na ce masa filogi ne kawai, an riga an gyara. Ya sake tayar da maganar ba sau ɗaya ba, ni kuma amsata ba ta canja ba.

Bayan ƙaramar Salla zazzaɓi ya kwantar da ni. Anas ya zo dubiya, da zai koma ya ce tunda ina kwance bari ya tafi da babur ɗin Gusau, akwai bakaniken da ya iya aiki, a duba shi sosai. Har daɗi na ji. Ni da hannuna na ciro makulli daga ƙarƙashin matashi na miƙa masa. Ranar Juma'a sai ga shi da abokansa a ƙofar gida da wani baƙin babur sabo ful, leda ma ba a cire daga kujera ba, ɗaya yana ɗaukar hotona da waya. Ya durƙusa ya ce, “Baba, wanga naka na.” Na ce ina nawa? Ya yi dariya ya ce ai ya ba dillali, ya yi ciko ya karɓo wannan. Maƙwabta sun taru suna ta sa masa albarka, wasu mata har da guɗa. Me zan ce a gaban jama'a? Na ce Allah ya yi albarka, na koma ɗaki. Daga baya na ji har ya watsa hoton, mutane suna ta yaba masa, ni kuma ga ni a ciki da zanen rufa a kafaɗa kamar wanda aka kawo wa sadaka.

Da na samu sauƙi, Arɗo Bawa, wani dattijon Bafulatani da muka daɗe muna hulɗa, ya aiko cewa maruƙansa suna zawo. Na ce to bari in hau abin nan tunda babu wani. Saboda jikina bai gama komawa daidai ba, na naɗe fuskata da rawani don iska. Ina shiga hanyar ƙauyen da ke kusa da rugarsa na hango mutane suna gudu. Mutanen da na yi shekara da shekaru ina cin tuwonsu, Hajiya, su ne suke gudu na. Kafin in tsaya in yi magana, wasu samari 'yan sintiri da ban taɓa gani ba suka fito daga bayan kuka da bindigogin gida. Suka sauke ni, suka zaunar da ni a ƙasa, hannuwa a ka. Suka zazzage akwatina, da suka ga allurai da kwalabe suka ce ni ne mai kai wa mutanen daji magani. Ɗaya ya ɗora mini bakin bindiga a ƙeya. Ina faɗin sunana, ina faɗin sunan ubana, babu mai saurare. Sai da mai unguwa ya iso ya gane ni aka bar ni na tashi.

Wannan duk da sauƙi. A cikin gudun, Inna Tambaya, matar Arɗo Bawa, tsohuwa ce, ta faɗi a kunyar gona ta gurɗe ƙugu. Har yau da sanda take tafiya. Arɗo bai zage ni ba, bai ko ɓata fuska ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Malam, don mi ba ka aiko muna ba?” Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Tun ranar ban sake taka ƙauyen ba. Suna kira na a waya ina cewa ba ni da lafiya.

Na shiga mota na je Gusau a ɓoye, na nemo dillalin, da niyyar in mayar masa da sabon ya ba ni nawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa zai sayi wannan gawar? Tun a makon ya sayar da shi ga 'yan gwangwan masu sayen tarkacen ƙarfe. Ya nuna mini bayan shagon, sai ga kariyar da maƙeri ya yi mini a yashe cikin tarkace, kaji suna hawa. Ko ita ban ɗauko ba. Na juyo ban bi ta shagon Anas ba.

Yanzu sabon yana zaure na lulluɓe shi da buhu. In Anas ya kira ba na ɗauka. Bai san abin da ya faru a ƙauye ba, domin na hana uwarsa faɗa masa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya maishe ni ƙaramin yaro, wanda ake yi wa wayo a karɓe abu daga hannunsa. Yaron da na wanke wa kashi, yau shi ya san abin da ya dace da ni? In yau babur ne, gobe fa? Shago? Gida? Ga shi matarsa Jamila ta haihu, namiji, jikana na farko, suna ya ƙarato, kuma ya aiko cewa sunana zai sa masa. Na ce wa Jummai ta tafi ita kaɗai, ni ba ni zuwa. Tun lokacin take kuka.

Hajiya, butulci nake yi? In sayar da sabon in nemi tsoho irin nawa? Kuma in je sunan nan alhali zuciyata ba ta huce ba?

Wani uba, daga Tsafe.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da wannan jarrabawa, kuma Allah ya ƙara tsarewa, domin abin da ya same ka a hanyar ƙauyen nan da da ƙarar kwana, da yanzu wani zancen ake yi.

Ba butulci kake yi ba. Anas ya yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Babur naka ne, ka faɗa masa ra'ayinka a fili, ya zo ya karɓi makulli da sunan gyara alhali ya san abin da ya ƙudurta. Kyakkyawar niyya ba ta halatta wa ɗa ya sayar da kayan ubansa da dabara. Ɗaukar hoton da watsa shi ma bai dace ba, tunda kana jinya kuma ba a nemi izininka ba. Kana da hakkin ka yi fushi.

Amma na lura maganar mutuwar babur a hanya gab da magariba ka wuce ta da sauri, ka ce filogi ne kawai. A wurin Anas ba filogi ba ne. Yana zaune a kasuwar Gusau, inda kullum sai ya ji an ce an tare wane, an tafi da uban wane. Sai ya ji nasa uban, mai shekara sittin da ɗoriya, yana tura mataccen babur shi kaɗai rana tana faɗuwa. Ya roƙe ka, ka ƙi. Tsoro ne ya kai shi ga yin wayon da bai kamata ba, ban ga alamar raini a ciki ba. Wanda ya raina ubansa ba ya matsa wa kansa ya yi masa irin wannan hidimar.

Akwai kuma maganar da Arɗo Bawa ya yi maka, wadda ka ce ta fi zagi ciwo. Ta yi ciwo ne domin gaskiya ce. Kai ka fi kowa sanin abin da baƙuwar ƙara take haifarwa a can, kuma ka shiga fuska a rufe ba ka aika ba. Ba na faɗin haka don in ƙara maka nauyi, mutum mai ɓacin rai yakan manta abin da ya sani. Amma kada ka ɗora wa Anas duka kayan ranar nan, wani ɓangare naka ne.

Ga abin da nake gani. Ka kira shi kafin suna, ya zo Tsafe, ku zauna ku biyu ba tare da kowa ba. Ka faɗa masa komai: zaman ƙasa, bakin bindiga, ƙugun Inna Tambaya, da abin da ka gani a bayan shagon dillali. Yanzu shi a ganinsa kana gaba da shi ne saboda tsohon ƙarfe, kuma muddin ka ci gaba da ɓoye masa, haka zai ci gaba da zato. Ka gaya masa ƙarara cewa daga yau babu abin da za a yanke a kan dukiyarka ko sana'arka ba da yardarka ba. Ina kyautata zaton zai ba ka haƙuri tun kafin ka gama magana. In ya bayar, ka karɓa.

Mutanen ƙauye kuwa, ka daina ce musu ba ka da lafiya. Dabbobinsu suna buƙatarka, kai ma abincinka yana can. Ka yi wa Arɗo da mai unguwa waya, ku haɗu ranar kasuwa a Kucheri su ga babur ɗin da idonsu, su sanar da masu sintiri. Ka sa a yi masa wani fenti mai haske da za a gane daga nesa. Duk sanda za ka shiga, ka aika tukuna, ka tafi da hantsi, fuska a buɗe. Rugagen da suka yi nisa, a kawo maka dabba ko a zo a karɓi magani, shekarunka da halin hanya ba na da ba ne. Tafiyarka ta farko kuma ta zama ta gaida Inna Tambaya, ka riƙa mata wani abu, ka ba ta haƙuri da bakinka.

Sabon babur naka ne, in ka so sayarwa babu mai hana ka. Amma kada ka sayar don ka rama, kuma kada ka sayo wani tsohon da ba ka san ciwonsa ba. Wanda ka saba da shi ya tafi, wani irinsa ba zai zama shi ba, kuma ba laifi ba ne ka yi kewarsa.

Suna kuwa, Malam, ka je, ko zuciyarka ba ta gama hucewa ba. Jamila ba ta yi maka komai ba, jaririn ma haka. Fushin nan zai wuce ko ba daɗe ko ba jima, amma in aka raɗa wa yaro sunanka ba ka wurin, za a riƙa ba shi labarin har ya girma, kuma babu ranar da za ka iya komawa ka gyara. Ka sa rigarka mai kyau, ka ɗauki Jummai ku tafi tare, ka karɓi takwaranka ka yi masa addu'a.

Allah ya raya shi, ya ba Inna Tambaya lafiya, ya daidaita tsakaninka da ɗanka, ya kuma kawo mana zaman lafiya a ƙauyukanmu da hanyoyinmu.

Hajiya Kulu