Kwano a Bakin Tebur

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake. Ramar da kika gani a hoto ta yawan tsayuwa ce kawai.

An canza mini aiki a gidan biskit ɗin. Yanzu kwaɓi nake yi wanda ake sayarwa ɗanye, yara su ci da cokali. Ashe ba ƙwai kaɗai ke ɓata ciki ba, har ɗanyar fulawa. Sai a baza ta a faranti, a gasa har zafi ya kashe ƙwayoyin cuta, ta huce, a tankaɗe. A zuba bota da sukari da madara, ban da ƙwai. Shi ke nan.

Abu mai sauƙi haka, Yaya. Kin tuna yadda ɗana Lashe-Kwano, Allah ya jiƙansa, yake raɓowa ta hagu da yatsa a miƙe in ina kwaɓi, ni kuma ina tare shi da gwiwar hannu? Har yau gwiwar nan ba ta samu labari ba. Ina cikin juyawa sai in ji ta ture iska. Abokiyar aikina ta ɗauka ciwon kafaɗa ne, har man zafi ta kawo mini.

Ki yi wa yaranki, don Allah, kuma kada ki hana su lasa. Inna ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ni dai yanzu a bakin tebur nake ajiye kwanon, ta hagu, inda gajeren hannu zai kai.

Taki,
Ƙanwarki