Sau Biyu a Rana

Nassarawa GRA, Kano
6 ga Maris, 2023

Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar? Ya Yaya Talatu da yaranta? Tunda kunnen nan naki ya hana mu hira a waya, ga takarda, ki sa tabarau ki karanta a tsanake.

Na san har yanzu kina yi wa aikina dariya, wai 'yar ungozoma ta ƙare a renon zomaye. To ki ji, aikin naki ne ya biyo ni har nan. A cibiyar binciken da nake, ana yi wa zomaye aiki a ƙashin ƙafa don gwada wani maganin haɗa karaya. Doka ce, duk wanda aka yi wa aiki sai an yi masa allurar rage raɗaɗi na kwana uku. Ni nake ɗora kowanne a sikeli in lissafa abin da ya dace da nauyinsa, don in ya yi kaɗan ya sha wuya, in ya yi yawa numfashinsa ya yi ƙasa. Malam Lawan, dattijon da ya shekara goma sha ɗaya yana kula da dabbobin, shi yake yin allurar.

Zomo ba ya kuka, Umma. Halinsa ɗaya da masu naƙudar farin nan da kike ba mu labari, waɗanda za su ciji zane su ce lafiya lau. Ke kika koya mini duba fuska, Allah ya saka miki. Da safe in na shigo sai in tarar sun runtse ido, kunnuwa a kwance a baya, ciyawar ko taɓa ta ba su yi ba. Zuwa ƙarfe goma, bayan allura, sun warware. Shugabanmu, Dakta Badaruddeen, sai ƙarfe sha ɗaya yake zagaye, shi ya sa bai taɓa gani ba. Na ɗauki hotunansu a waya na nuna masa.

Ashe tsiya na tono. Dakta ya ce zomon da aka yi wa allura jiya da yamma ba zai wayi gari haka ba. Maganin kuwa irin wanda matasa ke nema ne ruwa a jallo. Nan take ya yanke cewa Malam Lawan yana tsallake ta biyu cikin allura biyun da ake yi kullum yana sayarwa, ya dakatar da shi ranar Juma'a. Bawan Allah ya rantse bai taɓa tsallakewa ba, ya ɗauki kekensa ya tafi.

Wallahi tun ranar abinci ba ya shigata. Na tashi taimakon zomaye, na jawo wa dattijo sunan dillalin ƙwaya, kuma zuciyata ta ƙi yarda ya aikata. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Salwa

13 ga Maris, 2023

Ummata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya ke da mutanen Gumel duka. Direba ya kawo mini takardarki ranar Alhamis, har da kilishin, na gode.

Layi huɗu kacal kika rubuto, amma sun fi duk tunanin da na yi a mako guda. Kika ce a shekara talatin da kika yi a asibiti ba ki taɓa tambayar mace ko ta sha magani ba, don kowa zai ce ya sha. Cewa kike ta faɗa miki lokacin da ta sha. Mu kuwa, daga ni har Dakta, babu wanda ya tambayi Malam Lawan ƙarfe nawa.

Ranar Asabar na je gidansa a Tudun Murtala. Matarsa Larai ta ajiye mini ruwa, ko kallona ba ta yi ba, ban kuma ga laifinta ba. Zancen ya riga ni isa unguwar. Mutumin da yake sahun gaba, yanzu sai an tayar da salla yake shiga masallaci ya tsaya a baya.

Na tambaye shi lokacin. Ya ce ta farko ƙarfe takwas na safe, ta biyu in ya idar da azahar. Ya ce ai takardar da ke manne a bango cewa ta yi sau biyu a rana, shi kuwa bai taɓa bari rana ta yi sanyi bai cika biyun ba. Har da alfaharinsa ya faɗa, Umma. Ya ce da a ce dare ake nufi, ai da an rubuta dare.

Innalillahi! Ni na rubuta takardar nan. Da Turanci umarnin ya zo, na mayar masa da shi Hausa don ya sami sauƙi, ina jin kaina gwana. Ni ranar da nake nufi yini ne da kwana, shi kuma ya ɗauki ranar da yake gani a sama. Littafin da yake sa hannu ma ni na zana shi da rula, na yi gidan allura ta ɗaya da ta biyu, ban yi gidan lokaci ba. Da azahar kuma ina can ɗakin gwaji, ban taɓa ganin yana yi ba. Maganin awa goma sha biyu yake riƙewa. Daga biyun rana zuwa takwas na safe kuwa, ki lissafa da kanki.

Na faɗa masa gaskiya a wurin. Gobe zan sami Dakta. Wata shida kawai na yi a aikin nan, ina tsoron a kore ni, amma ba zan bar mutum da wannan sunan ba.

Taki,
Salwa

20 ga Maris, 2023

Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, da shirin azumi. Alhamdu lillahi, albishir nake tafe da shi.

Na faɗa wa Dakta komai. Ya yi mini faɗa son ransa, na kuma cancanta, amma bai kore ni ba. Ya ce shi ma da nasa, tunda ya yanke hukunci bai tambaya ba. An cire takardata daga bango. Sabuwar ta ce bakwai na safe da bakwai na yamma, baƙi ƙato-ƙato. Zomaye huɗun da aka yi wa aiki ranar Laraba sun wayi gari kunnuwa a tsaye, suna ta cin ganyen karas, sai da na yi ƙwalla.

Abin da ya fi faranta mini rai, Dakta bai tsaya ga mayar da Malam Lawan aiki ba. Da kansa ya je Tudun Murtala ya yi magariba a masallacinsu, bayan an sallame ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa mutumin nan ko ɗigo bai ɗauka ba, kuskuren namu ne. Larai ta aiko mini da dambu washegari.

Ran da Malam Lawan ya dawo aiki na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce in tashi, nasa ya yafe tun a gida, duniya da lahira. Sai ya juya wajen kejin, ya ce zomaye goma sha biyu ne suka kwana da ciwo kwana uku-uku, da hannunsa da rubutuna, wannan kuwa ba shi da ikon yafewa, sai mu roƙi Wanda ya halicce su. Tun ranar, allurar yamma tare muke tsayawa mu yi.

Umma, ban san da wane baki zan gode miki ba. Kina zaune a Gumel kika wanke mutumin da ba ki taɓa gani ba. Ya ce in gaishe ki, yana sa ki a addu'a. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa ki gama da duniya lafiya.

'Yarki mai godiya,
Salwa