Kwana Ukun da Sambo Ya Yi a Ruga

Zuwa ga Yayana Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan Kamarawa sai godiya. Inna na ta sa maka albarka, gero kuma ya fara fid da kai.

Yaya, ga abin da ya faru. Ranar Talata kububuwa ta sari Baffa Malami a gona. Kada hankalinka ya tashi, ya warke. Nan take anka aza shi bisa mashin, kafin azahar yana ɗakin gaggawa na asibiti cikin Isa, an yi mashi allurar kashe dafi.

Ranar Juma'a muna naɗe tabarmi a asibitin za mu gida, sai ga Dije, Bafillatanar nan da ta shekara ashirin tana kawo ma Inna nono, tana janye da jaki. Mijinta Sambo ne bisa, an ɗaure shi da zane don kada ya faɗo, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Ashe shi ma tun Talatar maciji ya sare shi! Na tambaye ta mi ya tsai da su. Ta ce ba namijin da ke iya shiga gari daga rugarsu, tsoro suke a tare su bisa hanya a ce 'yan bindiga ne, sai sunka yi ta ɗura mashi sassaƙe. Ta roƙe ni in shige gaba in yi magana, wai ba ta san ko ana karɓar irinsu ba. Wallahi da gudu anka karɓe shi. Amma ma'aikaciyar jinya ta ce mini sai ta yi wata ba ta ga mutumin ruga ba, wanda ya zo kuwa haka yake isowa. Kafin la'asar Sambo ya cika.

Daga rugarsu zuwa ƙofarmu bai kai tafiyar rabin awa ba, ga mashin a zaure. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to mu tambaya ce ba mu yi ba. Wata huɗu Dije ba ta leƙo mu ba, munka koma sayen nono a kasuwa, ba wanda ya ce ko lafiya. Gobe ni da Inna za mu ta'aziyya. Baffa ya rantse ko yana dogara sandarsa za shi bi mu.

Ka gaida Yaya Sadiƙa, da Khairat, da Hafizullahi. Ka sa Sambo cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Firdausi