Sandunan da Alhaji Bala Ya Kawo

Mairuwa, Asabar bayan sallar Isha'i

Yau ban ji daɗin filin wasa ba. Alhaji Bala, wanda ya bar garin nan tun muna samari, ya zo daga Kaduna da sandunan wasan kurket biyu 'yan kanti. Nan take kowa ya yar da nawa. Tun da muka kafa ƙungiyar nan a bayan firamare, duk sandar da aka buga ƙwallo da ita ni na sassaƙa ta da icen maɗaci. Da su muka ci 'yan Faskari har sau biyu.

Wanda ya fi ƙona mini rai Lawal ne, kyaftin ɗinmu, abokina tun yarinta. Ya ɗaga sabuwar ya ce, "Alhaji, yau muka zama 'yan kurket na gaske." To, da can mu mene ne? Har cewa ya yi a sa wa ƙungiya sunan Alhaji, mutumin da bai taɓa share filin nan ba.

Da aka miƙo mini sabuwar sandar, na ce kafaɗata na ciwo. Sai da suka tafi alwalar La'asar na ɗauka, na ce Isa tela ya jefo mini ƙwallo ɗaya. Wallahi sai da ƙwallon ta haye katangar makaranta, kuma ko girgiza ban ji a hannu ba. Tawa ba ta taɓa yin haka ba.

Na ce, "Isa, kada ka gaya wa kowa."

Ya ce, "Malam Idi, ai ga su can bakin rijiya, duk sun gani."

Lawal har tafi ya yi mini. Da ma zagina ya yi, da na fi samun barci.