Hulunan Kawu a Kan Farantin Sola

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna?

Raina a ɓace yake. Na kafa ƙaramin farantin sola a saman gidanmu na unguwar Warsan a nan Dubai, yana auna ƙarfin rana don aikin digirina. Kawu Sale da ya zo sarin kaya ya sauka wurina, ashe kullum a kan farantin yake shanya hulunansa! Sati biyu na'urar tana nuna wai babu rana a Dubai. Malamina ya ce khalas, wato shi ke nan, in sake daga farko. Da na yi wa Kawu magana, cewa ya yi, "Ai nan suka fi saurin bushewa."

Ki gaida kowa. Inna ta taya ni da addu'a, don saura ƙiris in yi wa ƙaninta rashin kunya.

Ƙaninki,
Nura