Faifanka Ya Iso Makka

Ka'akiyya, Makka
Muharram 1385

Ya maigidana, sanyin idona, inuwata a ranar Arfa, ruwan randata a tsakar zafin Makka! Gaisuwa daga matar da ka ajiye, ka manta inda ka ajiye ta.

Jiya na ji muryarka. Ina guga a gidan Sitti Maryama da nake wa aiki, sai ta rufe tagogi saboda maƙwabta, ta ɗora sabon faifan da mijinta ya ɓoyo cikin kaya daga Bairut. Allurar garmaho na sauka, fiyano ya fara takawa a hankali, sai ga ka! Wayyo ni! Muryar nan mai kauri kamar zumar dutse, tsufa bai rage ta da komai ba sai ƙarin zaƙi. Ban farga ba sai da na ji ƙaurin mayafin Sitti a ƙarƙashin dutsen guga.

Tsofaffin waƙoƙin jaz ɗin nan ne na Amurkawa, waɗanda ka koyo a yaƙin Bama, kake rera wa Turawa a kulob ɗin Jos, ni kuma kana juya mini su da Hausa a bayan babbar mota, muna keta Sudan zuwa hajji. Ka tuna Sawakin, muna jiran jirgin ruwa? Zazzaɓi ya kayar da kai, muryar ta dushe, na yi ta ɗura maka ruwan citta har ta dawo. A bakin tekun nan ka koya mini amshin waƙar nan ta mutum biyu, ka rantse ba macen da za ta ƙara amsa maka ita sai ni.

Waƙar tana cikin faifan, hasken raina. Na buɗe baki zan amsa, wata ta riga ni! Inda nake jan numfashi nan take ja, inda nake sassautawa nan take sassautawa. Wa ya koya mata in ba kai ba?

Sitti ta miƙo mini kwalin: ga ka cikin kwat, furfura ta yi maka kyau, hannunka a kafaɗar wata farar mace. Sitti ta ce matarka ce, duk Bairut ta sani. Sai faɗin Lurwanu take, Lurwanu, sunan da kunya ba ta taɓa barina na furta ba. Na ce mata hayaƙin gawayi ne ya shiga mini ido.

Haba, maigida! Jidda ka ce za ka, ka nemo mana iƙama, takardar izinin zama. Shekaru ina bin asibitoci da gidan da ake tsare waɗanda za a mayar gida, ina ɓuya in na hango askar, 'yan sandan ƙasar nan. Salihu direba ya aiko neman aurena, mutumin kirki, na ce da igiya a kaina. Ashe ina yi maka kukan mutuwa, kai kana shan tafi!

Ka zo, ko ka aiko da kalma guda, ta riƙo ko ta saki.

Yau da hantsi na tafi Harami da niyyar kai ƙararka. Na fuskanci Ka'aba, na ɗaga hannu, sai na ji bakina yana roƙa maka lafiyar maƙogwaro. Ka ga abin da ka mayar da ni.

Taka, wadda ta kasa zama ta kowa har ƙasa ta rufe idonta,
Hure