Kuskure a Layi na Bakwai

Daga Kunkuru zuwa ga Jan Biro

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali idan akwai.

Ni ne Kunkuru na dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhajar kwamfuta. A ƙasan shafinka na samu adireshin imel ɗinka. Shekara shida ke nan, duk amsar da na bai wa wani sai ka biyo bayana ka yi mata gyara, wani lokaci tun shayina bai huce ba. Na sha jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. To amma yau wata huɗu ban ga ko waƙafinka ba.

Kwanan baya wani ya tambayi yadda ake lissafa kwanakin da ke tsakanin ranaku biyu. Na ba shi amsa, na bar kuskure a layi na bakwai da gangan, don na san ba za ka iya gani ka wuce ba. Kwana tara yana nan ba wanda ya taɓa shi. Shi ya sa na rubuto. Idan laifi na yi maka, ka faɗa min.

Ka huta lafiya.

Daga matar Jan Biro zuwa ga Kunkuru

Wa'alaikumus salam, Malam Kunkuru. Ya aiki, ya gida?

Ni matarsa ce. Sai a wasiƙarka na san ana ce masa Jan Biro, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba, don ko takardar cefane na rubuta sai ya gyara ta. Ba ka yi masa laifin komai ba. Wata huɗu da suka wuce ya faɗi a bakin banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ba ta fita sai kalma ɗaya ko biyu. Yini yake a kujera yana kallon bango. 'Yarmu tana aure a nesa, sai waya. Masu zuwa dubiya tun watan farko suka ɗauke ƙafa.

Na karanta masa saƙonka ina ba shi abinci. Sai ya ture cokalin, ya yi ta nuna kwamfutarsa da hannun hagu. Na kawo, na lalubo amsar taka da ƙyar. Ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Fabrairu." Na ce, "Baban yara, ai yanzu ba Fabrairu ba ne." Ya harare ni, ya ce, "Ashirin da tara." Sannan ya yi dariya da rabin bakinsa.

Malam, shekara talatin da ɗaya ina kallon ƙeyar mutumin nan yana hira da mutanen da ban sani ba, ina kuma tsanar ku gaba ɗaya. Yau ga ni ina roƙonka. Don Allah ka ci gaba da yin kuskure.

Na gode. A gaida mutanen gida.

Daga Kunkuru zuwa ga matar Jan Biro

Uwargida, ina gaisuwa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki juriya.

Ki gaya masa ya canka. Ban sa shekarar da Fabrairu ke kai kwana ashirin da tara a lissafin ba.

Sai dai abin ya janyo ɓarna. Wata baiwar Allah da ke rubuta manhajar tsara ranakun ganin likita a wani ƙaramin asibiti ta kwafi amsata. Kwana biyu ta yi tana neman dalilin da ranakun marasa lafiya suke zamewa. Da ta yi magana a dandalin, na fito na ce da gangan na yi, na ba ta haƙuri, na gyara. Masu kula da dandalin sun dakatar da ni na wata ɗaya. Sun yi daidai.

Kin ce in gaida mutanen gida. Babu kowa sai ni. A wurin aiki ma ni kaɗai ne mai rubuta manhaja, a wani kamfanin ajiye kaya. Ofishina ba taga, teburina na jingine da bangon ɗakin na'urori, ƙugin fankokinsu nake ji yini guda. Jiya sau uku na buɗe dandalin kafin in tuna ba zan iya rubuta komai ba.

Ga ƙananan shirye-shiryen kwamfuta uku na haɗo, kowanne da kuskure ɗaya a ciki. Na uku mai wuya ne. Ki ce masa in ji ni, ba zai gano shi ba.

Ki huta lafiya.

Daga matar Jan Biro zuwa ga Kunkuru

Malam, barka da war haka. Sannu da abin da ya same ka a dalilinmu.

Biyu ya gano a yini ɗaya, har ya yarda mai gashin ƙashi ya motsa masa hannu ba tare da faɗa ba. Na ukun ne ya zame mana fitina. Idonsa yana saurin gajiya, sai ni nake karanta masa, ni kuwa ban san sunayen alamomin nan naku ba. Na ce masa, "Sai wata aba mai kama da ƙugiya, sai ɗigo biyu." Ya yi ta girgiza kai, ya buga hannun kujera, a ƙarshe ya yi jifa da kofi. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana, na fito na share ruwan.

Ba zan iya ba, Malam. Ka kira mu ta bidiyo ka karanta masa da bakinka. Ga lambata a ƙasa. Ko rabin awa ne.

Allah ya saka da alheri.

Daga Kunkuru zuwa ga matar Jan Biro

Uwargida, gaisuwa mai yawa. Ki gafarce ni da na yi kwana biyar ban amsa ba.

Ina da in'ina mai tsanani. Sunana kawai kan ɗauke ni lokacin da wani zai gama gaisawa da mutum uku. A taron ofis ba na magana, wani ke karanta rahotona. A dandalin ne kawai ba wanda ya taɓa ƙarasa min zance don ya gaji da jira. Maigidanki ya san ni da saurin ba da amsa. Ban so ya ga ina kokawa da kalma ɗaya, shi da nasa ciwon ya ishe shi.

Sau biyu na danna lambarki, ina kashewa kafin ta shiga. Ko zan riƙa rubuto miki sunayen alamomin ne?

Ki huta lafiya.

Daga matar Jan Biro zuwa ga Kunkuru

Malam, sannu.

Na karanta masa duka. Da na gama ya ce, "Ya kira," wato ka kira mu. Kusan minti ɗaya ya yi kafin kalmomin biyu su fito, ka ga ba wanda zai yi wa wani gaggawa a cikinku.

Ranar Asabar, ƙarfe huɗu na yamma. Zan jingina masa wayar a jikin filas ɗin shayi, in fita in bar ku. Ina so in taka zuwa ƙarshen layinmu in dawo. Rabona da fita ni kaɗai tun ranar da ya faɗi.

Sai mun ji ka.